Baba Na Jira Ka Sa Katako

Rano, Jihar Kano.

Zuwa ga ƙanena Jabiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Rahma da yara. Allah Ya tsare ku a Fatakwal, Ya sa albarka a neman da kake yi. Mu nan alhamdu lillahi. An gama yankan dawa, gyaɗar gonar Lausu ta yi kyau bana, uwargida Barakatu ta samu sauƙin ciwon ƙafarta, Afra'u kuma ta shiga aji uku. Baba ne dai. Saboda shi na zauna na yi rubutu maimakon in kira ka, domin a waya kullum kana cikin hayaniyar aiki, ni kuwa idan na fara maganarsa muryata ba ta kai ni ƙarshe.

Na ga dariyar da ka yi da na tura hotunan tsofaffin motocin nan, har kana tambaya ko 'yan gwangwan ne suka buɗe kasuwa a Rano. Ba kai kaɗai ka ɗauka haka ba. Wallahi da safiyar ranar sai da wasu yara biyu suka zo da kura da sikeli, suna tambayar wace za a fara yankawa. Mutane da yawa idan suka ga tsohuwar mota, akwala kawai suke gani. To ba kasuwa ba ce. Tsofaffin direbobi da bakanikai na Rano da Kibiya ne suka haɗa kai, kowa ya wanke abin da ya daɗe yana ɓoyo a gida, aka jera su a filin ƙwallo domin yaran yanzu su gani da idonsu. Ba a sayar da ko ƙusa ba.

Na kai 'yan ajina, kuma ban taɓa koyar da darasi mai daɗin wannan ba. Akwai Fijo a-kori-kura wadda mai ita ya ce ta ɗauki rabin amaren garin Nariya. Akwai Bitil mai kama da kunkuru. Na ce yara su nemo mini injinta, suka buɗe gaba suka tarar da fili, wani ya rantse an sace, sai da mai motar ya zagaya da su baya yana dariya. Akwai Basfa guda uku, da wata Landiroba da aka turo da hannu tun daga bakin tasha, direbanta yana ta cewa fushi take yi, ba lalacewa ta yi ba. Yaran da ba sa ɗaga hannu a aji, ranar su ne suka hana tsofaffi sakat da tambaya.

Da Baba na je. Barakatu ta tafi bikin suna a Rurum, babu wanda zan bar shi da shi, sai na sa shi a adaidaita da kujerarsa, na zaunar da shi a inuwa. Ka san yadda ya koma tun rasuwar Inna: ba ya magana, ba ya kiran sunan kowa, ni kaina kallon baƙo yake yi mini. Wajen la'asar sai Alhaji Tajuddeen na Kibiya ya buga kik ɗin wata tsohuwar Honda, irin ta Baba sak, wadda ya yi yawon aikin malamin gona a kanta. Tana tashi na ga Baba ya ɗaga kai. Kafin in isa wurinsa ya miƙe da kansa, mutumin da sai an riƙe shi yake zuwa alwala. Ya taka ya je ya dafa kan babur ɗin, ya danna hon sau biyu, gajeru, irin wanda yake yi a ƙofar gida idan ya dawo daga ƙauye. Sannan ya juya yana duba fuskokin yaran ɗaya bayan ɗaya, ya ce a kira Jabiru ya sa katako.

Ka tuna katakon, ko? Dokin ƙofar zaurenmu yana da tudu, babur ba ya hawa sai an jingina masa katako. Da jin hon ɗin nan kai ne kake yar da duk abin da ke hannunka ka ruga, har faɗa muke yi a kai, Baba ya raba gardama ya ce aikinka ne, ni in je in kawo ruwa. Ni na manta da wannan gaba ɗaya. Shi da ya manta sunana bai manta ba. Na tsaya a tsakiyar fili, gaban ɗalibaina, na kasa riƙe hawaye. Alhaji Tajuddeen ya kashe babur ɗin ya kama hannun Baba, ya ce ashe Malam Habu malamin gona ne, shi ne ya fara kawo musu irin masara mai saurin nuna.

Murna ce ta sa na yi abin da na yi bayan nan. Na ce idan ƙarar ta wani ta tashe shi haka, ina ga tasa? Washegari na fito da Hondarsa daga ƙarƙashin buhunan da ke ɗakin ajiya, na kai wa Mato bakanike. Ya wanke tanki, ya canza fulogi da tayoyi, ya ce ƙarfen da ke jikinta yanzu ba a yin irinsa. Ranar da ta tashi na hau na zo ƙofar gida da la'asar na danna hon sau biyu. Baba ya fito zaure da sandarsa, fuskarsa a sake kamar ranar Sallah. Na ɗauko wani katako zan jingina, sai ya sa sanda ya tare. Ya ce ba aikina ba ne, a jira yaron.

Jabiru, tun daga ranar babur ɗin nan yana waje, kuma tun daga ranar Baba bai ci abincin kirki ba. Ka san dokarsa ta dā: ba ya wanke hannu ya ci tuwo sai babur ya shiga gida. Yanzu da la'asar yake zama a bakin zaure yana kallon hanya, idan aka kawo kwano sai ya ture, ya ce tukuna. Kunu kawai Barakatu take samu ta lallaɓa shi ya sha da safe, shi ma 'yan kurɓi. Babu dabarar da ban yi ba. Na sa Hussaini ɗan Yaya Sallau ya zo ya sa katakon, tunda kowa yana cewa kamarku ɗaya. Baba ya dube shi ya ce wannan yaron kirki ne, amma ba shi ba ne. Na kira ka a waya ranar Juma'a na kara masa a kunne, ka tuna, ka yi ta cewa Baba, Baba; ya miƙo mini wayar ya ce rediyo ce. Wata rana yana barcin rana muka ɗaga babur ɗin muka shigar, da ya tashi ya gan shi a ciki sai ya fashe da kuka, yana tambaya yaushe Jabiru ya zo ya tafi bai gaishe shi ba. Da hannuna na mayar da shi waje. Ba zan iya sake ganin wannan kukan ba.

Mun kai shi asibiti. Likita ya ce jikinsa ba shi da ƙarfin da zai daɗe a haka, ƙarin ruwa kuma ba abinci ba ne. Rigarsa yanzu rataye take a kafaɗarsa.

Na san abin da ka faɗa wa Yaya Sallau bara, cewa zuwanka ba shi da amfani tunda Baba ba ya gane kowa, kuma ganinsa haka yana karya maka zuciya. Ban taɓa ganin laifinka ba, ni ma da ina da wurin gudu wata rana da na gudu. Amma ni malami ne, na sha ganin yaron da aka yanke ƙauna da shi, ashe abin yana ciki, ƙofar ce ba a samu ba. Ƙofar Baba mun same ta, kuma kai ne a bakinta. Ba na yi maka alkawarin zai gane fuskarka da gemun nan naka. Ban sani ba, Allah ne Ya sani. Abin da na sani shi ne sunanka kaɗai ya rage a bakinsa.

Don girman Allah kada ka turo saƙo, kada ka turo magani, kada ka ce sai hutun Sallah. Ka nemi izini a wurin aiki ko na kwana biyu ne. Ka taso yadda za ka iso Rano kafin la'asar. Tsohon katakonka na nemo shi, a rumbu yake, har da zanen kifin da ka yi masa da ƙusa. Na jingine shi a bayan ƙyauren zaure. Ni zan hau babur in danna hon, kai kuma ka fito ka sa shi da hannunka, mu ga abin da Allah zai yi. Barakatu ta ce ranar miyar kuka za ta yi, da man shanu.

Ka gaida Rahma da kyau, da Sadiƙ da ƙaramar Hafsa. Yaya Sallau da Jumai suna gaishe ka, Kawu na Kibiya ya ce in gaya maka shi ma yana jira. Allah Ya kawo ka lafiya, Ya sa ka tarar da shi.

Ni ne yayanka,
Mukhtar Habu