Kwandalar da Kika Huda, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Na rubuto ne in ba ki haƙuri a kan maganar kwandalolin nan. Na zaɓi in yi a bainar jama'a, tunda fushin ma ban ɓoye shi ba.

Kin tuna karsanar da kika ba ni ranar da na kama aikin koyarwa a Tambuwal. Na sayar da ita ba da saninki ba, na sayi kwandalolin azurfa huɗu a hannun wani mutum da ban taɓa gani ba sai a waya. Ya ce ƙwaya kaɗan aka buga a duk duniya, kuma ba za a ƙara ba, don haka kuɗinsu sai dai ya yi ta hawa. Kowace tana kulle cikin 'yar roba garai-garai, da takardar shaida mai hatimi. Sharaɗin kawai, kada hannu ya taɓa.

Na kawo su gida Kebbe ina ta hura hanci, na yi miki bayani har da Turanci. Kika jujjuya su, kika ce, "To, wagga dukiya taka, tana haihuwa?" Na ce sai an yi haƙuri. Kika ce, "Karsanar ma haƙuri ɗai taka so."

Gudun ɓarayi ya sa na ajiye su a adakarki. Da na sani, da ɓarayin na ba ajiya.

Ranar sallah ina shigowa, sai ga ɗiyata, takwararki, ta sheƙo da sabon kitso, wani abu na ƙyalli a goshinta. Ashe kin fasa robar ɗaya daga ciki da taɓarya, kin dirje kwandalar da toka da tsamiya, kin kai maƙera an huda ta. A rugar da kika tashi, azurfa ba ta da wani aiki sai kitso. Takardar shaidarta kuwa, kanwa kika ƙunshe da ita.

Inna, ranar na yi hauka. Na ce kin kashe mini jari. Na kwashe sauran ukun, na yi Juma'a uku ban zo gaishe ki ba, ke kuwa kina ta aiko mini da fura a motar kasuwa kamar ba a yi komai ba. Da na dawo ba ki tayar da zancen ba, ni ma girman kai ya rufe mini baki. Har Allah Ya karɓi abinSa ban ce ki yafe mini ba, kuma abin yana damuna har gobe.

To, ga abin da ya faru bana. Rufin ɗakinmu ya fara yoyo, na ce lokacin cin riba ya yi. Na kira mutumin wayar, lamba ba ta shiga. Na sa hotuna a intanet, aka yi ta "Masha Allah", babu wanda ya taya. Wani mai tausayi ya ce mini irin wannan kaya sai ka samu wanda ya fi ka son su, shi ma kuma yana can yana neman wanda ya fi shi.

Daga ƙarshe na lallaɓa na aro ta goshin takwararki, na haɗa huɗun na kai wa maƙerin farfaru a kasuwar Tambuwal. Na miƙa masa takardun shaida, ya yi fifita da su. Ya ce in cire robobin, shi azurfa yake aunawa. Ya ɗora ukun a sikeli, ya faɗi abin da ko cinyar karsana ba zai saya ba.

Da ya ga hudajjiyar sai ya gyara zama. Ya ce wannan kam zai ƙara wani abu, don huji ya zauna daidai, ga ta fes, yau ɗin nan matan ruga za su ɗauke ta, kuma su ba sa tambayar guda nawa aka buga. Inna, duk cikin jarin nawa, wadda kika lalata ce kaɗai take da mai so. Na yi dariya har maƙerin ya tsargu, sai kuma na ji hawaye.

Ban sayar ba. Ina tsaye na sa ya huda sauran ukun. Yanzu jikokinki mata huɗu kowacce na yawo da tata a kitso. Ɗaki na nan yana yoyo, mun tara kwano.

Ki yafe mini Juma'o'in nan uku, Innata. Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa mu a Aljanna in faɗa miki wannan da bakina.

Ɗanki mai taurin kai,
Bello