Baitin da Baba Yake Sa Sunansa

Ƙanena,

Bayan gaisuwa, yaya jikin Inna, yaya yara? Ina lafiya. Idanuna ne kawai ke ruwa saboda gyaran rubutu a maɗaba'a, amma kada ka gaya mata.

Ka ce wani manazarci yana zuwa ɗaukar muryar Inna tana rera waƙoƙin marigayi Baba. Ban zarge shi ba tukuna. Sai dai ka ce kullum batirinsa yakan mutu kafin baitin ƙarshe. Ka sani a nan Baba yake sa sunansa, kuma bai taɓa rubuta su ba.

Ku karɓe shi da mutunci. Amma in ya dawo, Inna ta fara daga ƙarshe.

Allah Ya ƙara mata lafiya.

Yayanka