Takardar Da Na Cusa A Murhu

At-Bashi, 14 ga Satumba

Yaya Temirbek,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka da na'urorinku na duban yanayin gari. Mu dai lafiya lau, duk da ba ka tambaya ba.

Direban motar madara ya kawo takardarka. Wai dusar ƙanƙara za ta rufe mashigin dutse ranar ashirin, a gaya wa Baba kada ya koma makiyayar kan dutse ya zauna, a sauko da tumaki. Ko kunya ba ka ji! Bara ma haka ka ce, muka sauko da tumaki saura mako uku lokacin saukowa ya yi, rana kuwa ta yi ta ƙwallewa. Suka cinye ingiricin hunturu tun hunturu bai zo ba, arba'in suka mutu da yunwa. Kana can ofis a Bishkek, ni ce nake shan dariya a kasuwa, ana cewa ga ƙanwar boka.

Idon Baba ba ya ganin rubutu, ni ce mai karanta masa. Na ce gaisuwa ce kawai, na cusa takardar a murhu na dafa shayi. Gobe zai hau wurin tumakinsa.

Ƙanwarka,
Burul

At-Bashi, 22 ga Satumba

Yaya Temirbek,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Mu kam ba lafiya ba.

Dusar ta sauka ranar ashirin. Sai ka yi murna, ka ci gari. Mashigin ya toshe, Baba yana can baya da tumaki ɗari uku da garin alkamar da bai kai na mako ba. Maza sun hau da dawakai sau biyu, dusar ta kai wa dawakan ƙirji suka juyo.

Na tsane ka, wallahi. Ka san ina cike da kai, me ya sa ni ka aiko wa? Ƙafarka ce ta karye da ba za ka zo da kanka ba?

Ranar da zai hau, ƙafarsa na kan likkafa ya sake tambayata ko da gaske gaisuwa ce kawai. Na ce i. Ya ce to madalla, tunda Temirbek bai ce komai ba, babu komai. Ashe duk abin da ya faru bara, kai yake saurare.

Ka duba na'urorin nan naku ka gaya mini ranar da gari zai washe. Direba zai jira amsa. Wannan karon a tsakiyar kasuwa zan karanta ta.

Ƙanwarka,
Burul