Zubi na Talatin da Takwas

Sejong, ƙarshen Maris

Zuwa ga Yaya Mi-ok,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya gwiwar Inna? Ki faɗa mata busasshen kifin ya iso, kuma ban rabar wa maƙwabta ba kamar yadda take zargi.

Kin tambaye ni ko gaskiya ne abin da kika gani a jarida. Gaskiya ne an buga sunana. Amma Yaya, a wannan watan ko maigadin ma'aikatarmu ya sa kwat mai kyau sai an buga sunansa. Sabon shugaban ƙasa bai sha rantsuwa ba tukuna, kwamitinsa na karɓar mulki yana can Seoul yana tankaɗe sunaye, mu kuma nan aiki ya tsaya cak. Ki ga manyan daraktoci masu furfura suna shiga bayan gida da waya a hannu. Jiya na ji wani yana yi wa matarsa tsawa: “Ke kashe mana! So kike su kira su tarar ina hira da ke?”

Tankaɗen ba wuya gare shi ba. Ana fara duba wanda suka yi sakandare tare da shugaban, sai ɗan lardinsu, sai wanda ya riƙe masa jaka lokacin yaƙin zaɓe. A cikin waɗannan ake zaɓo ministoci. Mataimakin minista ne kaɗai ake ɗauka daga cikinmu, ma'aikatan gida. Da yake shugaban ya yi wa mata alkawari a gaban talabijin, mu kuma mata a matakina ba mu cika yatsun hannu ɗaya ba, dole 'yan jarida su tuna da ni.

Darakta Bong har ya daina amsa gaisuwata. Shi ɗan zubi na talatin da shida ne a jarrabawar shiga aiki, ni ta talatin da takwas. In aka ɗora ni, shi da duk wanda ya riga ni ci za su ajiye aiki, don babba ba ya karɓar umarni daga ƙaninsa. Ba doka ba ce, ta fi doka ƙarfi. Na duba zuciyata ko zan sami tausayinsa, ban samu ba.

Surukinki Jin-seop, mijina, kuwa abin ya zame masa wasa. Kullum da safe sai ya rusuna ya ce, “Ranki ya daɗe, in kin hau kada ki manta da mai wanke miki kwanoni.” Har yau Babba yake kirana, tun daga lokacin da ya shigo a zubi na arba'in ya tarar da ni ina koya wa sababbi yadda ake rubuta rahoto.

Ke kaɗai zan gaya wa: ina so. Shekara bakwai ina jan tsarin nan na jiragen ruwan ƙananan tsibirai, kowane mataimakin minista sai ya yaba ya tura shi ƙasan tebur. Ina so sau ɗaya teburin ya zama nawa.

Ki gaida Inna da kowa.

Ƙanwarki,
Su-gyeong

Sejong, tsakiyar Mayu

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan kun wuni lafiya. Na ji an kai Inna asibiti an duba ta, ina fatan da sauƙi. Ki hana ta hawa dutsen nan zuwa wurin ibada saboda ni, ba sauran amfani.

Kin ga an ba mu minista mace, farfesa, ƙanwar abokin shugaban. Ranar da aka faɗi sunanta mata suka yi ta zuwa ofishina suna murna, wai lokacinmu ya zo. Ni kuwa na yi lissafin da ake yi a Seoul. Mace ɗaya a ma'aikata cika alkawari ce, mace biyu kuma an wuce gona da iri. Ga shi 'yar kudu ce kamar mu, saboda haka mataimakinta sai ya fito daga wani lardi, kada jaridu su ce an kwashe nama an kai gida ɗaya. Sannan shugaban ya ce yana son sabon jini. Namiji ke nan, ba ɗan kudu ba, wanda bai tsufa a aiki ba. Na tsaya a nan, ban ƙarasa lissafin ba, alhali da amsar nake kwana a ɗaki ɗaya.

Ranar Asabar ni da Jin-seop muna cin taliya mai sanyi da rana, wayata da tasa suna kan tebur. Ɗaya ta yi ƙara, muka kai hannu tare. Tasa ce. Yaya, da kin ga mijina ya miƙe tsaye, ya riƙe waya da hannu biyu, yana rusuna wa injin wanki. “Ban cancanta ba, ranka ya daɗe. Zan yi iya ƙoƙarina, ranka ya daɗe.” Sai da ya ajiye ya dube ni, sannan na ga lissafin ya iso masa. Ya ce, “Babba, ban yi tunani ba.” Na ce na sani, ci taliyarka kafin ta jiƙe.

Ba na ganin laifinsa, abin da ya fi ciwo ke nan. Ba a ce wa wannan kiran bari in shawarci matata. Kuma ya iya aiki, ni na koya masa.

Yanzu daga zubi na talatin da shida har zuwa talatin da tara kowa na tattara kayansa. Darakta Bong ya dawo yana gaishe ni. Shekaranjiya ya tare ni a bakin lif yana dariya har da hawaye: “Ƙanwata, ni dai baƙo ya kore ni. Ke a gida kika yi kiwon naki.”

Ki kula da kanki.

Su-gyeong

Sejong, ƙarshen Mayu

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da yara. Na gode da wasiƙarki. Kin ce tunda ba doka ba ce in zauna daram in ga mai ɗaga ni. Na gwada, Yaya.

Ba wanda ya ɗaga ni. Shugaban sashen ma'aikata dai ya riƙa zuwa da kofi biyu, ya zauna ya yi maganar yanayi, ya yaba mini yadda nake son ƙannena, ya tashi. Ana kiran taro ban sani ba. Yaran da na horar suna hango ni sai su tuna sun yi mantuwa a wani bene. Wata jarida ta tambaya ko sabon mataimakin minista zai iya sa hannu a kan hutun matarsa. An ce in na nace, akwai kujera a cibiyar horaswa, kusa da taga, inda zan ga duwatsu da kyau.

Surukata, uwar Jin-seop, ta kira daga garinsu Gangneung. “Uwar Da-on, ai abin da miji ya samu mata ta samu. Ke ma kin sha wahala, ki huta haka nan, ki dinga dafa masa abin kirki. Ya rame.” Na ce to, Mama.

Shi Jin-seop bai roƙe ni ba, bai kuma hana ni ba. Ya ce, “In kin ce in janye, zan janye.” Ya faɗa yana ɗaura sabon laktayi a wuya. Da na ce masa janye ɗin, da an gama da mu duka biyu: wanda ya mayar wa shugaban ƙasa kyautarsa ba ya sake ganin wata, ni kuma da na zama matar da ta karya mijinta, ba mai ba ni ko makullin ɗakin ajiya. Ya ce zai ɗauki maganar jiragen ruwan da kansa. Na tambaye shi yaushe, ya ce in abubuwa sun lafa. Na san wannan amsar, mutum huɗu sun ba ni ita kafin shi.

Ranar Alhamis na miƙa takardar ajiye aiki. Janyewar jarumta suke kiran abin, har da tafi. Na ratso ta gaban ofishin Jin-seop da kwalina a hannu, tukwanen furannin taya murna sun cika baranda har sai da na bi ta gefe.

Kada ki gaya wa Inna tukuna.

Taki,
Su-gyeong

Seoul, farkon Yuni

Yaya Mi-ok,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Kin ce ta gan ni a talabijin ta yi ta kiran maƙwabta. To, ta riga ni, ki bar ta da murnarta.

An gayyaci matan sababbin mataimakan ministoci zuwa bikin ba da takardar naɗi. Mijin ya karɓi takarda, matar ta karɓi fure. An yi mana gwaji kafin a fara, wata yarinya mai ladabi ta nuna mini inda zan tsaya, taki ɗaya a bayansa, ta hagu. Na tsaya daidai, kin san ban taɓa faɗuwa jarrabawa ba.

Shugaban ya miƙo mini furen yana murmushi. Ya ce duk wani babban ma'aikaci akwai wadda ta yi haƙuri a gida. Sannan ya ce, “Uwargida, kina ɗan taɓa wani aiki kuwa?” Sunana ya kwana a kan teburin mutumin nan wata biyu, Yaya. Na duba idonsa ko zolaya ce, na ga tsakani da gaskiya yake tambaya.

Na ce, “A'a, ranka ya daɗe.”

Ya ce madalla, ya wuce ga ta gaba.

Zan zo gida Tongyeong mako mai zuwa. Kada ki tambaye ni kwana nawa zan yi, ba mai jirana ranar Litinin.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Su-gyeong