Gaisuwa da Tire a Hannu

Yaya Usmanu,

Assalamu alaikum. Ya ƙafar Inna, da sauƙi? Ya yara, ya rake a bana?

Ni lafiya lau. Jirgin ruwanmu na masu yawon buɗe ido ya tsaya a Mombasa da Zanzibar, tsofaffin garuruwa masu lunguna kamar cikin birnin Zariya. Aikin ba wuya, ɗaukar tire ne kawai. Sai dai wani lokacin giya ce a kai.

Jiya cikin fasinjoji na hango Alhaji Maiwada na Hunkuyi, kawun Zulai, yarinyar da nake nema da aure. Da na wuce abina, ba zai gane ni a kayan aiki ba. Amma kafin in yi tunani na durƙusa ina gaishe shi, kwalabe na kaɗawa. Ya amsa, har ya tambayi Inna, amma idonsa bai bar tiren ba. Na miƙe na wuce da tirena.

Don Allah ka je gidan su Zulai kafin ya dawo, gara su ji daga bakinmu. Ka ce na roƙi a mayar da ni wankin kwanoni. Inna kuwa, gaisuwar kawai za ka isar mata.

Ƙaninka,
Bilya