Da Sunana Ya Shiga Na'urar

Accra, Ghana

Zuwa ga Yaya Lubna,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna? An samu ruwa a Roni kuwa?

Ni lafiyata ƙalau, sai dai an dakatar da ni daga aiki, ina zaune a ɗaki.

Wani asibiti da wani otal suna amfani da na'urar sadarwa ɗaya ta kamfaninmu. Ni na tsara ta yadda kowa zai bi hanyarsa, bayanan wannan ba za su shiga na wancan ba. VRF muke ce wa tsarin. Abdulnasir, ƙanin mijinki da na samo wa aiki a nan, ya roƙi kalmar sirrina, wai zai duba ya koya. Na ba shi. Ashe taɓawa ya yi, ya haɗe hanyoyin biyu, har ma'aikatan otal suka ga takardun marasa lafiya.

Da manaja ya tara mu, Abdulnasir ya ce, "Yallaɓai, ai sunan Hussaini ne a kan aikin." Ko kallona bai yi ba. Da yake da sunana ya shiga na'urar, ni aka dakatar. Yaya, har yau ɗaki ɗaya muke kwana, tukunya ɗaya muke ci.

Don Allah kada ki tayar da maganar a gidanki, aurenki ya fi min wannan aikin. Ki ce wa Inna hutu aka ba ni. In Abdulnasir ya zo Roni da Sallah, ki karɓe shi kamar kullum, amma kada ki ba shi saƙo ya kawo min.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki,
Hussaini