Ƙofa ɗaya ta Injiniya Hamadu

Garwa, daren Laraba

Yau na ga iyakar ilimin surukina Hamadu, wanda unguwarmu ta Rumde Ajiya kaf ke kira Injiniya. Shi ya saka mini manhajar ɓoye sawu a kwamfuta, don in riƙa aika wa 'yan jarida labarin shanu marasa lafiya da ake yankawa a mayanka, ba tare da an san ni ne ba.

Bayan la'asar na tambaye shi ta ina saƙonnina suke fita. Ya ce ta ƙofa ɗaya, wai "port" sunanta, lamba 9050.

Na ce, "Har da wasiƙun fanshona, masu sunana da na ubana?"

Ya ce, "Baba, sa ba, ba komai, duk a rufe suke."

A rufe! Shekara talatin na yi ina ware wasiƙu a gidan waya. Ba sai an buɗe ambulan ake gane mai ita ba. In biyu suka fito daga jaka ɗaya, ɗaya da suna, ɗaya babu, ko ɗan sandan da barci ke ɗiba zai haɗa su.

Na tsare shi har ya buɗe ƙofa ta biyu, ya ware wa wasiƙun fansho hanyarsu, labarin shanu kuma tasa. Layi biyu kacal ya rubuta, yana huci kamar ya haƙa rijiya.

Sai da ya miƙe na tuna labarin da na aika ranar Litinin ya riga ya fita ta tsohuwar ƙofar. Na gaya masa. Ya ce, "Allah zai rufa asiri."

Amin. Amma in an zo tambaya, gidan Injiniya zan nuna musu.